Ciyawar Da Ake Nomewa A Kafanchan Ita Ake Reno A Filin Golf

Duk manomin da ya taɓa riƙe fartanya a kewayen Kafanchan, ko a gindin duwatsun Kagoro, ko a fadamun Zonkwa, ya san kiri-kiri, ya kuma san irin wahalar da take ba mutum. Ciyawa ce mai taurin kai, wadda ba ta bambanta gonar Bajju da ta Atyap, ko ta Ham da ta Bahaushe. In an nome ta da safe cikin watan Agusta, aka jibge ta a kan kunya, ruwa ya sauka da dare, to kafin mako ya kewayo kowace gaɓa tata ta sake kafa saiwa, ta sarƙe gonar kamar ba a taɓa sa mata ƙarfe ba. Saboda haka babu manomin da ke yi mata fatan alheri.

Amma a daidai lokacin da manomi ke fama da ita, akwai wani ma'aikaci a filin wasan golf, a ƙasar nan da sauran ƙasashe masu zafi, wanda ya yi sammako tun raɓa ba ta bushe ba, ya durƙusa yana duba ganyen wannan ciyawa ko na danginta, yana ba ta ruwa da taki da magani, yana fargabar kada ta mutu. Da wannan hidima yake ciyar da iyalinsa. Sana'a ce mai zaman kanta, mai littattafanta da makarantunta da ƙungiyoyinta a duniya, kuma ya kamata samarin kudancin Jihar Kaduna da iyayensu da hukumominsu su dube ta da idon basira.

Yadda Filin Yake

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da mutum ke bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda, daga wani wuri mai nisa, har ya jefa ta cikin rami. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma yakan ci ƙasa kimanin hekta 50 zuwa 60. Faɗin bakin ramin milimita 108 ne kacal, ma'aunin da aka tsayar tun shekarar 1891 a ƙasar Sikotilan. Kowane rami yana tsakiyar wani ɗan dandali mai laushi wanda 'yan wasa ke kira girin. Duk dandalan nan 18 in an haɗa su da ƙyar suke wuce hekta ɗaya da rabi, amma a kansu ake sanin ko fili yana da mai kula ko ba shi da shi, domin a nan ƙwallo ke gangarawa a ƙasa, kuma ɗan tudu ko ɗan kwari wanda ido ba ya gani ya isa ya kautar da ita.

Wasan ya daɗe a Arewa. Turawan haƙar kuza sun kafa kulob na Rayfield a Jos a shekarar 1913, wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufa a Nijeriya. Na Kaduna ya biyo baya a 1921, akwai kuma a Kano da Zariya. Sa'an nan a shekarar 1991 aka buɗe babban filin IBB a Abuja. Wanda ya duba taswira zai ga Kafanchan tana zaune ne a tsakanin Jos da Kaduna da Abuja, watau a tsakiyar murhu mai duwatsu uku.

Tarihin Kiri-Kiri

Turawa suna kiran kiri-kiri da sunan tsibirin Bamuda, ko da yake ba can ne asalinta ba. A jihohin kudancin Amurka ma manoman auduga sun daɗe suna ɗaukarta annoba, har sai da wani masanin tsirrai mai suna Glenn Burton ya zauna a tashar binciken gona ta garin Tifton, cikin Jihar Jojiya, ya shiga yi mata aure da danginta. A shekarar 1943 ya fitar da wani iri domin kiwon shanu. Daga baya aka haɗa ta da wata 'yar'uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu, aka sami irin da ake kira Tifgreen a 1956, da Tifway a 1960, da Tifdwarf a 1965. Waɗannan su ne suka rufe filayen golf da na ƙwallon ƙafa a ƙasashe masu zafi shekara da shekaru. Abin sha'awa kuma, shi wannan Burton ya yi suna wajen inganta irin gero. Mutum guda ne, ilmi guda ne, ya yi wa tuwo hidima ya kuma yi wa filin wasa.

Akwai wani abu game da waɗannan ire-ire da ya kamata mai neman abin yi ya riƙe. Ba sa yin ƙwayar da za a shuka ta tsiro. Sai dai a yanko gaɓoɓinsu a dasa, kamar yadda ake dashen rogo da rake da dankali, ko kuwa a yanko su da ƙasarsu falle-falle kamar tabarma a shimfiɗa a wani wuri. Ma'anar wannan ita ce duk mai son sabon fili, ko mai son gyara tsoho, tilas ya nemi gonar da ake renon ciyawar ya saya.

Aikin Kansa

Wanda bai sani ba yakan ce ai yankan ciyawa ne kawai, aikin lauje da adda. To, raina kama ka ga gayya. Dandalin rami irin na zamani gina shi ake yi kamar ɗaki. Bisa tsarin da ƙungiyar golf ta Amurka ta fitar a shekarar 1960, akan haƙe wurin, a shimfiɗa bututan da za su janye ruwa, a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10, sa'an nan a ɗora yashi gauraye da ɗan ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 30. A kan wannan ake dasa ciyawar. Hikimar yashin ita ce ruwa ya wuce da sauri, ƙasa kuma kada ta dunƙule saboda yawan takawa. Amma yashi ba ya riƙe abinci, saboda haka ciyawar ta zama kamar jinjiri, kome sai an ba ta a baki, kaɗan kaɗan, a kan ƙa'ida.

Kowace safiya, kafin 'yan wasa su iso, ma'aikata sukan share raɓa, domin danshin da ya daɗe a kan ganye shi ke gayyato cutar fumfuna. Sa'an nan a aske dandalin da wani inji wanda wuƙaƙensa ke juyawa suna yanka kamar almakashi, a bar tsawon ciyawar bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba, watau bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. In wuƙar ta dakushe, sai ta yayyage ganye maimakon ta yanke shi, kashegari a tarar da wurin ya yi fari. Don haka mai wannan sana'a tilas ya iya wasa wuƙa da saita inji, ya zama rabinsa makanike ne. Akwai kuma ƙa'idar da ba a ƙetarewa, cewa ba a cire fiye da sulusin tsawon ganye a aski guda. Akan sauya mazaunin ramin a kai a kai, domin kada sawu ya kashe wuri ɗaya. Har ma akwai wata 'yar sanda mai kwari a tsakiya, wadda wani Ba'amurke mai suna Edward Stimpson ya ƙago a 1935, da ake sako ƙwallo daga kanta a auna nisan gangarawarta, a san ko dandalin yana da sauri ko nauyi.

Lokaci lokaci kuma akan bi dandalin da wani inji mai haƙora, a huhhuda shi, a zaro 'yan dunƙulen ƙasa, a cike ramukan da yashi, domin saiwa ta sha iska. 'Yan wasa ba sa son ganin wannan aiki, gama yakan ɓata musu wasa na 'yan kwanaki, amma dandalin da ba a huda shi ba ajalinsa ya kusa. Mai kula da fili yana bukatar haƙurin da zai jure ƙorafin manyan mutane, da ilmin da zai bayyana musu dalili.

Abokan gabarsa kuwa manomi ya san su duka. Akwai aya-aya, wadda ake cire kanta ta bar 'ya'yanta a ƙasa. Akwai tofa, akwai harƙiya, wadda 'yar'uwar acca ce ta jini, abincin da ake ji da shi a kudancin Kaduna. Akwai gara, da gwazarma mai cin saiwa ta ƙarƙashi, da tsutsa mai cin ganye da dare. Da damina yaƙinsa da ruwa ne, yadda zai fitar da shi kada ya kwanta. Da rani, sa'ad da iskar hunturu ta busar da kome, yaƙinsa ya koma na neman ruwan, da lissafin abin da ke cikin madatsa ko rijiyar burtsatse, da man injin ban ruwa, da rabon abin da ya samu har zuwa saukar ruwan farko.

Wannan wahala ta rani ita ta sa filayen Arewa da yawa a da suka haƙura da ciyawa a bakin rami. Sai a tankaɗe yashi, a cuɗa shi da baƙin mai, a shimfiɗa a daddaɓe, a sa yaro yana jan buhu ko tsumma yana share sawun 'yan wasa. Shi ake kira burawun. Dabara ce ta mai ƙaramin ƙarfi, kuma ta yi amfani a zamaninta. Amma ɗan wasan da ya saba da yashi yakan sha wuya in ya fita waje ya tarar da ciyawa, kuma duk kulob da ya yi niyyar barin yashi ya koma ciyawa, ya ɗauko wa kansa bukatar gwani na dindindin.

Matakan Sana'ar

Uban wannan sana'a a duniya shi ne Tom Morris na garin St Andrews a Sikotilan, ɗan masaƙi, wanda aka haifa a 1821. Ya fara ne da ɗaukar wa 'yan wasa sanduna, ya yi almajiranci wurin mai ɗinka ƙwallo, har ya zama gwanin da ya ci babbar gasar Biritaniya sau huɗu. Ya riƙe filin garinsu kusan shekara 40, har ya ajiye aiki a 1903, kuma shi ya yaɗa al'adar barbaɗa wa dandali yashi wadda ake bi har yau. Bayansa sana'ar ta shiga makaranta. Masu kula da filaye a Amurka sun kafa ƙungiyarsu a 1926, aka buɗe cibiyar binciken ciyawar wasanni a garin Bingley na Ingila a 1929, kuma jami'o'i da dama a can suna ba da digiri a kan ilmin ciyawa kaɗai.

Tsanin yana da matakai. Yaro yakan fara da rake da tiyo da baro. In ya nuna hankali a ba shi inji. Daga nan ya koyi feshi da awon taki, ya san bambancin aikin yuriya da na kamfa, ya iya karanta takardar gwajin ƙasa ya san ko ta yi tsami tana bukatar farar ƙasa. Wani ya karkata wajen bututu da famfo, wani wajen gyaran injuna. A ƙolin tsanin akwai shugaban masu kula da fili, wanda ke tsara kasafin kuɗin shekara, ya raba wa ma'aikata aiki, ya riƙe littafin abin da aka zuba da ranar da aka zuba shi, ya kuma tsaya gaban kwamitin kulob ya kare shawararsa. Abin da ke raba na ƙasa da na sama a wannan tsani shi ne ilmi da takardar shaida.

Me Ya Kawo Kafanchan Cikin Zancen?

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A shekarar 1927 aka haɗe layin dogon da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna, aka fitar da reshe zuwa Jos, garin ya zama mahaɗa. Shekaru da yawa aikin reluwe shi ne gatan samari, da shi aka gina gidaje aka biya kuɗin makaranta. Da harkar jirgi ta durƙushe, sai aka ƙara jingina ga gona, musamman citta, wadda Kachiya da Kwoi da Kagarko da Jama'a suka yi suna a kanta har ƙasashen waje. Sai ga shi a daminar 2023 cutar fumfuna ta auka wa cittar, ta ruɓar da gonaki masu yawa, ta bar magidanta da bashi da rashin iri. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: ƙasar da ta dogara ga hanya ɗaya, ranar da hanyar ta toshe sai kowa ya tsaya cirko-cirko.

Ba wanda zai ce renon ciyawa zai maye gurbin citta ko reluwe. Filayen golf a ƙasar nan ba su da yawan da za su kwashe samarin ƙaramar hukuma guda. Amma ƙofa ce daga cikin ƙofofi, kuma yaron wannan yanki ya fi kowa kusa da ita. Ya tashi yana gyaran kunya, ya san rufe shuka da ganye domin riƙe danshi kamar yadda ake yi wa citta, ya san dashe, ya ga abin da fumfuna ke yi da idonsa. Yankin yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, ga rafuka da ke gangarowa daga duwatsu, irin wanda ke zuba a Matsirga. Wurin da kiri-kiri ke tsirowa ba a gayyace ta ba, nan ya fi dacewa a kafa gonar renon irinta mai kyau, a riƙa lodawa zuwa Abuja da Kaduna da Jos.

Kasuwar kuma ba ta tsaya ga golf ba. Filin ƙwallon dawaki guda ya kai hekta huɗu, ga su nan a Kaduna da Katsina da Kano da Zariya, kuma kofaton doki ba ya tausayin ciyawa. Ga manyan otal-otal da makarantu da lambunan shaƙatawa na birane. Uwa uba ga filayen ƙwallon ƙafa. Babban filin wasa na Abuja, wanda aka buɗe a 2003, kamfanin Ɗangote ya ɗauki nauyin sake dasa masa ciyawa a aikin da aka fara a 2020, amma ba a yi nisa ba 'yan wasa da masu horad da su suka koma kukan lalacewarta. Duk wasannin gida na neman shiga gasar cin kofin duniya ta 2026 a Uyo Nijeriya ta buga su. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ta iya gina filaye, amma riƙon su ya zame mata aiki. Dasa ciyawa kwangila ce ta 'yan watanni, renonta kuwa aikin kullum ne, kuma a nan giɓin yake.

Inda Gizo Ke Saƙa

Akwai masu cewa golf wasan attajirai ne, don me ɗan talaka zai ƙare rayuwarsa yana gyara musu wurin nishaɗi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma za ta tabbata gaskiya tsantsa muddin aka bar yaro a matakin tiyo da baro, ana biyansa kuɗin yini, ba takardar ɗauka, ba fansho, in ya tsufa a sallame shi. Amma telan da ke ɗinka wa sarki alkyabba ba a ce masa bawa, saboda abin da ke hannunsa ba kowa ya iya ba. Maganin raini shi ne ƙwarewa wadda ba a iya yi ba tare da ita ba.

Abu na biyu shi ne ƙasa da ruwa. Kudancin Kaduna wuri ne da zancen gona da burtali ya sha jawo zub da jini, saboda haka babu mai hankalin da zai ba da shawarar a karɓe gonakin talakawa a mai da su filin wasa. Abin da ake nufi shi ne a horad da mutane su tafi inda filayen suke, a kuma yi gonakin reno na hekta ɗaya ko biyu a hannun masu ƙasar. Haka nan ba daidai ba ne ciyawa ta sha ta ƙoshi da rani alhali unguwar da ke maƙwabtaka da ita tana layi a bakin famfo. Gwani na gaskiya shi ne mai tara ruwan damina a madatsa, ya yi ban ruwa da dare ko da asuba, ya bar gefen fili ya bushe in ta kama.

Na uku shi ne magani. Maganin ciyawa da na ƙwari guba ne. Yaron da aka ba famfon feshi ba safar hannu, ba takalmi, ba abin rufe hanci, an cuce shi, ko da cutar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru. Wanda kuma ya wanke famfon a rafi ya cuci na ƙasa da shi. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa sana'ar tana bukatar makaranta.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Makarantun suna nan, ba sai an gina sababbi ba. Akwai makarantar koyon aikin gona ta Samarun Kataf a ƙarƙashin kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan inda ake koyar da ilmin gona. Ga kuma sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kachiya a 2025. Ya kamata ɗaya daga cikinsu ta buɗe kwas na wata shida ko shekara guda a kan renon ciyawar wasanni, ta keɓe ɗan fili domin gwajin iri, ta kuma ƙulla yarjejeniya da kulob-kulob na Jos da Kaduna da Abuja domin ɗalibai su je koyon aiki a hannu. Ƙaramar hukumar Jama'a tana iya ba da filin wasa na garin Kafanchan ya zama ajin farko, ɗalibai su dasa shi su rene shi, jama'a su gani da idonsu. Su kuma kulob-kulob, wajibi ne su dubi tsofaffin ma'aikatansu waɗanda suka san kowane tudu da kwari na filin, su taimake su da karatun da zai kai su ga shugabanci.

Saura iyaye da samari. Da yawa sun fi son a ce ɗansu yana Abuja yana neman aikin ofis shekara biyar, da a ce yana Abuja yana aikin ciyawa. Alhali kuwa noma ne, na duƙe tsohon ciniki, sai dai amfaninsa ba a kai shi rumbu. Saurayin da ya iya raya kiri-kiri a kan yashi cikin watan Maris, ta yi kore shar, ta kwanta sumul, ba zai rasa mai nemansa ba a duk inda ake buga ƙwallo ko ake sukuwar doki. Allah ya sa masu iko su ji, samari kuma su motsa tun damina ba ta wuce su ba.